Zaren silikin sari: me yasa yake da kaushi, kuma me za'a saƙa da shi?

Ƙanwata saƙonki ya iso. Kince yayanku da ya raka Baba asibiti Indiya ya dawo miki da tsarabar zare ɗauri uku, giram 100 kowanne, a jikin takardar an rubuta wai silikin sari ne da aka sake sarrafawa, ke kuma kina buɗe leda kika ga abu buzu-buzu, nan kauri can siriri kamar zai tsinke, ga kaushi ga ɗan warin ajiya, shine kike tambaya ko dai cutarsa akayi a kasuwa, sannan ko zai yi miki setin kayan sanyi na jariri tunda akwai haihuwa a gaba.

Bari in fara da ta biyun dan ita tafi gaggawa, kar ki saƙa wa jariri komai da shi. Ba hula, ba safa, ba riga, ba shawul. Ta farkon kuma, kaushin da kika ji ba alamar cuta bane, haka zaren yake tun asali. Na daɗe ina saƙa, kwarashi da kibiya duka, amma nima ranar da ya fara shigowa hannuna irin tunanin da nayi kenan, dan mu in akace siliki abinda ke zuwa mana a rai shine sulɓi da sheƙi irin na sarin da muke gani a finafinan Indiya iska na kaɗa shi.

Toh sulɓin nan daga tsawon sili yake zuwa. Gidan da tsutsar siliki ke saƙa wa kanta sili ɗaya ne tal, in aka warware shi sai ya kai ɗaruruwan mita babu yankewa, sai a haɗa da yawa wuri ɗaya ayi zare, kinga babu wani bakin zare da zai leƙo waje balle ya soki hannu, shi yasa kina shafawa yatsa ke zamewa. Naki kuwa ragowa ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masaƙa ya san in aka gama saƙa akwai wutsiyar zaren waɗari, wato zaren da ake miƙewa a tsawon saƙar, da ke saura a jikin masaƙa wadda bata saƙuwa, sai a yanke. A garuruwan da ake saƙa sari na siliki irinsu Banaras da Kanchipuram, wannan wutsiyar da yankakken gefe da ɓarin masaƙa ba kaɗan suke taruwa ba, kiyi lissafi sari ɗaya ma yakan kai yadi shida, wani har tara. Su ake tarawa, wani lokacin harda tsofaffin sari da aka yayyaga, a ware kala-kala ko a gauraya, a tsefe su da hannu kamar yadda kakanninmu ke shiɓar auduga, sannan mata su kaɗa. Yawanci a Indiya da Nefal akeyi, da mazari ko da keken kaɗin nan na hannu da suke kira carka, irin wanda ake ganin Gandhi da shi a hoto. Wato dai guntaye ne gajeru-gajeru aka murɗe su suka zama zare, kowane guntu kuma yana da baki biyu da ke neman hanyar fita, shine buzu-buzun da kika gani.

Abin ma ba baƙo bane a wajenmu in kika duba. Alharinin nan ja mai ruwan hoda da ake sawa a manyan riguna na da, ai ragowar silikin masaƙun Turai ne, a rina shi, fatake su ɗauko shi a raƙuma ta Tarabulus da Gadamas har Kano, a nan a kaɗa shi a saƙa. Bajamushen nan Barth da ake kira Abdulkarim, da ya shigo Kano a 1851, ya lissafa shi cikin kayan da ake shigowa da su ta hamada. Yarbawa ma daga nan suka samu alaari ɗinsu. Ga kuma namu na gida, zaren tsamiya da ake aikin babbar riga da shi, wanda sai an dafa gidan tsutsar da ruwan toka an kaɗa shi kamar auduga, shi ma siliki ne na gaske amma babu wanda zai ce miki yana da sulɓi. In kin taɓa shafa aikin tsamiya a tsohuwar rigar wani dattijo toh kin kusa sanin abinda ke hannunki, sai dai naki yafi shi kala da hayaniya.

Yanzu ɗauko ɗauri ɗaya ki ja kamar kamu biyu tsakanin babban yatsa da manuni a hankali. Zaki ji wani wajen yayi tauri kamar igiyar rama saboda murɗi ya masa yawa, taƙi ɗaya gaba kuma ya saki yayi laushi luf kamar auduga, can ki ci karo da ƙulli, can wani dunƙulen shuɗi da bai tsefu ba ya maƙale, wani lokacin har tsinken ciyawa ko ɗan ƙyalle zaki zaro, dan a tsakar gida ake aikin ba'a kamfani ba. In kika ji wani abu ya ɗan karce ki, duba da kyau zaki ga siririn zare mai ruwan gwal, shine zari da suke yi wa sari ado da shi a baki, yana da kyau a ido amma a fata sai a hankali. Ki saki zaren ya ɗan yi sako-sako kuma ki gani, nan take zai kanannaɗe kansa kamar wayar caja. Daga nesa ɗaurin zai miki kamar kala ɗaya, yawanci ja-ja ko ruwan hoda mai duhu, amma kina matsowa zaki ƙirga kala goma a tsawon tafin hannu. Sheƙin yana nan bai tafi ba, sai dai ba shimfiɗaɗɗe bane, wal-wal yake yi nan da can in haske ya bugi saƙar.

Abu mafi muhimmanci da zaki riƙe shine ba shi da roba ko kaɗan. Ulun da muka saba, ko na tumaki ko na roba da ke cika kasuwa, in kika ja shi kika saki yana komawa. Siliki in ya miƙe ya miƙe kenan, ga shi da nauyi, nauyin kansa ma kawai ya isa ya ja saƙa ƙasa. Ni da hula na koyi darasi. Na zauna kwana biyu na saƙa wa 'yata, lokacin tana firamare, tayi kyau kamar me, duk wanda ya gani sai ya tambaya, sati ɗaya bakin hular ya buɗe ta koma kamar an kifa mata kwando, tana gudu tana faɗowa kan ido. Bai tsaya nan ba, ta ɗora farin hijabin islamiyya a kai ranar da ake zafi, ta dawo min da hijabi ƙeya duk ruwan hoda, har ya tsufa tabon bai fita ba.

Kinga dalilan da yasa nace banda jariri sun fara fitowa. Yana zuba, kuma jariri komai baki yake kaiwa. Yana zubar da gashi, ranar da kika yi saƙa da shi cinyarki da kujera duk zasu yi kala-kala, wannan ɓurɓushin kuma shi zai shiga hanci da ido ya naɗe a 'yan yatsu. Ga zari mai karce, ga ba ki san irin rinin da aka yi wa kowane guntu ba tunda daga masaƙu daban-daban aka kwaso. Sannan kayan jariri kullum cikin wanki suke, tumbuɗi ne fitsari ne, wannan zaren kuma ba ya son yawan wanki. Ki nemi auduga mai laushi ko ulun jarirai kiyi masa setinsa hankali kwance.

Maganar ko silikin gaske ne, wannan gwaji ɗaya ke raba gardama. Ana yawan gauraya shi da reyon, wanda 'yan Indiya ma da kansu suke sayarwa a matsayin silikin kwaikwayo, ko foliyesta. Yanki kamar tsawon yatsa, ki riƙe da almakashi a kan faranti, ki kusanta ashana. Siliki warin gashi yake yi irin na babbakar kai da ƙafa, ba ya ci da sauri, kina janye wutar zai mutu, ya bar baƙin dunƙule da zaki murje ya zama gari. Reyon ci yake bal-bal da warin takarda ya bar toka mara nauyi. Foliyesta kuma narkewa yake kamar leda ya daskare yayi tauri, ba ya murjuwa, kar ki taɓa da zafi. Ki gwada wuri uku daban-daban dan ɗauri ɗaya zai iya ba ki amsa biyu. In ma kika samu gauraye kar ranki ya ɓaci, duk abinda zan lissafa zai yiwu da shi, kuɗin ne dai bai kamata ya zama ɗaya ba.

Kafin ki sa kwarashi sai kin gyara shi, kuma nan mutane ke gajiya su jefar. Kar ki kuskura ki fara ja daga ɗaurin kai tsaye, zai cukurkuɗe miki cukurkuɗewar da sai almakashi. Ki warware murɗin ya zama zobe kamar babban gammo, ki ɗaure shi sako-sako wuri huɗu da farin zaren auduga, ki jiƙa a ruwan sanyi da ɗan shamfu kamar minti ashirin, kar ki cuɗa, dannawa kawai zaki dinga yi. Ruwan farko zai tsorata ki, kamar zoɓo, ki zubar ki sake har ya kusa washewa. A ɗaurayar ƙarshe ki zuba ruwan kal kamar cokali biyu, yana cire ragowar sabulu ya dawo da sheƙi, amma kar wani ya ce miki yana hana zuba gaba ɗaya, ba ya hanawa, gishiri ma haka. Ki naɗe a tsohon tawul ki matse, ki rataye a inuwa ki saƙala masa ɗan abu mara nauyi sosai a ƙasa, ni ƙaramar robar ruwa nake sawa, wannan ke kwantar da murɗin. Warin zai tafi, kaushin ma zai ragu sosai, zaki sha mamakin bambancin. In ya bushe ki sa a bayan kujera ko wani ya riƙe miki a hannu biyu ki dunƙule, kina yi kina tsince tsinke, inda yayi siriri da yawa ki yanke ki haɗa tun yanzu, gara ya tsinke a hannunki da ya tsinke a tsakiyar jaka. Da hunturu kuma ki shafa mai ki bari ya shige kafin ki taɓa shi, in hannu yayi kaushi kamawa yake kamar ƙarangiya.

Wajen saƙar, ki ɗauki kwarashi babba, milimita 6 zuwa 8, na ƙarfe mai santsi, kibiya ma wajen haka. Ki saki hannu, in kika matse ba zaki iya zura kwarashi a layi na gaba ba kuma yatsunki zasu gaya miki da daddare. Sannan ki manta da dizayin. Duk wata kwalliya ta fulawa ko ganye ko igiya da kika iya, a wannan zaren ɓata lokaci ne, kalolin da gashin zasu haɗiye ta babu wanda zai gani. Singil ko dobul kawai, wato saƙar kwarashi mai sauƙi mara ado, zaren da kansa shine adon. Masu kibiya, in kika yi saƙar nan mai santsi ta gaba da baya zaki ga tana karkacewa gefe ɗaya kamar zanin da aka yanka a karkace, murɗin zaren ne ke janta tunda sili ɗaya ne ba'a tufka shi da wani ba, maganinta kiyi saƙa iri ɗaya a kowane layi wadda ke fitowa da kunya-kunya. Warwara ma ba daɗi, gashin na kama juna, in kika warware sau biyu zaren ya gaji, dan haka ki fara gwada ɗan murabba'i kamar tafin hannu. Kuma tunda ɗauri ukun nan ba zasu taɓa zama kala ɗaya ba ko da tare aka saye su, ki dinga layi biyu da wannan layi biyu da wancan, in ba haka ba zaki ga an ja layi a tsakiyar aikinki inda ɗaya ya ƙare.

Inda yafi haskawa a wajena jaka ce. Singil a matse daidai, ya ba ki jiki mai kauri kamar darduma, sai dai dole kiyi mata shafi daga ciki da ragowar shadda ko atamfa mai ƙarfi, dan in babu, waya da makulli kawai zasu ja gindinta ƙasa. Hannun jakar kuma kar ki saƙa shi da zaren zalla, wata biyu zai kai miki gwiwa, ki sa na fata ko sarƙa, ko ki samu igiya ki naɗe ta da zaren. Bayan jaka sai fuskar filon kujera da tum-tum, gaban kawai, bayan ki sa yadi, kin rage cin zare kuma ya zauna daram. Abin shimfiɗa a kan tebur, abin ratayewa a bango, rigar littafi ko ƙaramin pos, duk yana yi.

Wanda nafi so kuma ba kwarashi ba kibiya, ɗinkin faifai. Yadda ake naɗa kaba a kan ciyawa ana zagayawa ana ɗinkewa, haka zaki samu igiyar auduga mai kauri ki dinga naɗe ta da zaren kina lanƙwasawa kina kamawa da allura da zare mai ƙarfi, ki fitar da ɗan kwandon ajiye sarƙa da 'yan kunne ko faifan ado na jere. Nan duk aibinsa ya zama alheri, igiyar ce ke ɗaukar nauyi, rashin robar ma taimako ne, kaurin da bai daidaita ba kuma shi ke ba shi kyau. Da irin wannan naɗin ake rufe tsofaffin awarwaro na roba su dawo sababbi, ayi abin wuya, ayi tuntu na jikin makulli ko labule, ayi geza a bakin gyale.

In kina da masaƙi a kusa, ki ba shi ya sa a matsayin abawa, wato zaren da ƙoshiya ke kaiwa da komowa, amma ba na waɗari ba, dan gogar allira da masefi zata cinye shi ya dinga tsinkewa. Layi-layi a cikin farin saƙi ko baƙi, abin sai wanda ya gani. Masu aikin allura kuma, ba ya ratsa yadi, zai tsefe tun a huda ta uku, sai dai ki kwantar da shi a saman yadin yadda kike son zanen ki dinga kama shi da siririn zare.

Abin wuya na sanyi fa? Ana yi, Turawa ma suna yi da shi, amma ni sai in ce ki haɗa shi da silin ulu mai laushi ki saƙa su tare, ulun ya ba shi ɗan roba ya rage kaushi, kuma a ɗora shi a kan kaya masu duhu. Riga ko siket kuwa ban ba ki shawara ba, nauyi zai yi, ya zazzago, ya ci zare mai yawa. Safa da takalmin ɗaki kar ma a fara, guga na kashe shi. Sai kuma ki tuna maganar maza, in gwajin wuta ya nuna silikin gaske ne toh kar ki ce zaki yi wa maigida ko yayan naki hula dan godiya, kinsan an hana maza sa alharini, sassaucin da ya zo a hadisin Sayyidina Umar na faɗin yatsu biyu zuwa huɗu ne, abinda ya wuce nan na gauraye da sauransu a tambayi malamai.

Akwai ɗan uwansa da zaki iya cin karo da shi, wanda ba'a kaɗa ba, sarin aka yayyaga tsiri-tsiri kamar ribom aka ɗinke baki da baki. Shi yafi laushi nesa ba kusa ba dan yadin ne da kansa, gefensa na tsefewa, yana son kwarashi milimita 10 ko sama, yafi kyau a kitsa shi ko a naɗe kyauta da shi ko ayi geza. In yayan naki zai sake komawa ki ce ya haɗo da shi, suna tafiya tare a aiki ɗaya.

Wanki in an gama, da hannu, ruwan sanyi, shi kaɗai, shamfu ko sabulu mara ƙarfi. Banda Hypo da duk wani bilic, narkar da siliki yake ba wai kala kawai zai cire ba, omo mai ƙarfi ma yana cinsa a hankali. Siliki in ya jiƙe ƙarfinsa na raguwa, kar ki murɗe kar ki rataye, shimfiɗawa zaki yi a kan tawul a inuwa, ranarmu ta nan tana kashe kala ta kuma busar da zaren ya dinga karyewa. Ajiya a jakar yadi ba leda ba, musamman da damina, ki dinga dubawa saboda asu.

Giram 300 ɗin naki, tsawon ɗauri ba ya zama daidai tunda aikin hannu ne, waɗanda na auna wasu sun ɗan haura mita 60 wasu sun kusa 90, dan haka ki auna naki da tef kafin ki yanke shawara. In ni ce, biyu da rabi zan yi madaidaiciyar jaka ta hannu da baƙin shafi da zif, wadda mai jego zata riƙa ranar suna, rabin da ya rage in naɗe awarwaro huɗu in yi tuntu biyu a jikin zif ɗin. Guntayen da kika yanke wajen gyara ma kar ki share, ki tara a kwalba, suna shiga cikin tuntu.